Mai Toka Da Ƙanƙara Na Gadar Wescott

Ku tsaya, ku tsaya, kar wanda ya riga ni! Na san Verna ta gidan waya ta fara baza labarin tun jiya, to amma rabi ta sani, rabin ma a bakin wani ta ji. Ni kuwa ina wurin da ƙafafuna, ɗana a kafaɗa, dusar ƙanƙara na sauka a kaina. Zancen Kawu Hosea Bixby ne, mai gadarmu, da inda zai koma da zama yanzu da gari ya karɓe ɗan gidan nan na bakin gada. Kun dai san ƙofa biyu aka buɗe masa. Akwai ta Uwargida Arvilla Stoddard a hayin kogi, mai bene da injin ɗumama ɗaki. Akwai tamu, ni Luella matar Merton Tuttle, da ba mu da komai sai murhu ɗaya da ɗan ɗaki a saman kicin. Zan faɗa muku wadda ya shiga. Amma sai kun fara jin ko wane ne shi, don na lura an fi sanin sunan shanunsa a kan aikinsa. Karatuna bai yi nisa ba, kar wanda ya tsaya gyara mini rubutu, ku dai ji.

Kafin kowa ya hura wuta a Wescott, Kawu Hosea ya riga ya fito. Wajen Barney da Duke yake fara shiga, bijimansa biyu, ya zuba musu ciyawa, ya gaishe su kamar mutane, har da tambayar yaya aka kwana. Sannan ya kashe fitilar bakin gada, ya ɗauki tsintsiya ya shiga. Gadarmu ai kun san ta, doguwa, ga rufi, ga bangon katako hagu da dama, ciki duhu ko da tsakar rana, kuma abin hawa ɗaya take ɗauka. Yana tafe yana buga katakon ƙasa da dunduniya, wanda ya yi masa wata ƙara daban sai ya durƙusa ya duba. Da rani ke nan. Da sanyi kuwa aikin ninkuwa yake yi. Rufin nan da ke hana katako ruɓewa shi ne ke hana ƙanƙara sauka a ciki, amalanken ƙanƙara kuwa, marar taya mai tafiya da sulɓi, ba ya tafiya a kan busasshen katako, ƙafafunsa na ƙarfe kafewa suke yi, dawakai su yi ta ja har su durƙusa. Shi ne Kawu yake ɗebo ƙanƙara daga waje, shebur bayan shebur, ya shimfiɗa ta a cikin gadar daga wannan baki zuwa wancan, ya tattake ta ta yi sumul. Kowa kwashe ƙanƙara yake daga ƙofarsa, shi zuba ta yake. Tun kafin a haife ni yake wannan aikin, kuma ba a taɓa jin mai dakon gungumen itace ko mai kai madara ya tsaya a bakin gada yana zagi ba.

Sai motoci suka zo.

Ta farko ban yi wayo ba, babana ne ya gani. Wani mai tallan keken ɗinki ne daga birni. Hanyarmu tana gangarowa daga tudu, sai ta karya kwana a daidai bakin gada. Doki ya san wannan kwanar ko mai shi yana gyangyaɗi. Mota ba ta sani ba. Mutumin ya zo ya daki ginshiƙin ƙofa, keken ɗinkin ya tashi sama ya faɗa kogi, shi kuma ya tsinci kansa a cikin ƙaya. Babana ya ce Kawu ya fito yana goge hannu, ya dubi mutumin, ya dubi motar, ya ce, “Bawan Allah, dabbar taka makauniya ce?”

Mutumin ya ce, “Gadarku ce a karkace!”

Kawu ya ce, “To. Zan faɗa mata.” Ya je ya ɗauro shanunsa na wancan lokacin ya ja motar ya fitar.

An yi ta dariyar wannan har shekara ta zagayo. Wadda ba a yi wa dariya ba ita ce ta wani saurayi baƙo. Rani ne, rana ta take, ya shigo da gudu daga haske zuwa duhu, idonsa bai ga komai ba, ashe amalanken ciyawa yana tsakiyar gada. Matar fasto tana nan da ranta, ita ta faɗa mini. Ta ce da ta iso ta tarar da Kawu zaune a ƙasa, kan yaron a cinyarsa, yana yi masa magana a hankali yadda yake yi wa shanunsa, yana tambayarsa sunan garinsu, da sunan uwarsa, da abin da take dafawa ranar Lahadi. Yaron yana amsawa, yana amsawa, har ya daina. Washegari Kawu ya ɗauki zarto ya yanka tagogi a bangon gadar, ya shafe bakinta biyu da farar ƙasa. Dattawan gari suka zo da faɗa, wai wa ya ba shi izini, ruwa zai shiga katako ya ruɓe.

Ya ce musu, “In ya ruɓe ina da wani a bayan gida. Uwar yaron nan ba ta da wani.”

Dattawan suka juya suka tafi. Tagogin suna nan, ku je ku gani.

Amma babban tashin hankalin da sanyi ne. Ƙanƙarar da amalanke yake so ita ce mota ba ta so. Da tayarta ta hau wannan sumul ɗin sai ta fara rawa. Masu mota suka ce ya daina zubawa. Masu dawakai suka ce in ya daina ina za su bi da itace. Shi kaɗai a tsakiya, kowa yana jan rigarsa. To sai ya yi dabara. Ya ajiye bokitin toka a bakin gada, ya sanar a coci cewa duk mai mota, in ya iso karkataccen itacen nan na kan tudu, ya danna hon. Da ya ji, sai ya fito da gudu ya watsa toka a kan ƙanƙarar, mota ta wuce lafiya. Tana wucewa ya kankare tokar, don tana cije ƙafar amalanke, ya sake zuba sabuwar ƙanƙara. Wata rana sai ya yi haka ya fi a ƙirga. Gari bai ƙara masa komai ba. Tokar ma bi yake gida gida yana roƙo.

Kai ne, Kawu, mai toka a hannun dama, ƙanƙara a hagu. Kai ne ka yi wa sabo da tsoho hidima a rana ɗaya, kowannensu yana ganin ka fi son ɗayan.

Yanzu bari in zo kan Uwargida Arvilla, don kar a ce na ɓoye. Gaskiya ne, ɗanta Leland Kawu ne ya fitar da shi daga kogi shekaran bara, lokacin da ya ɓalle shingen wancan bakin yana nuna wa wata yarinya tuƙi. Ya shiga ruwa har wuya, da tsufansa, ya jawo shi ta gashi. Ban ce ba a yi ba. Amma Leland ƙato ne, ya iya iyo, in da an bar shi ma zai fito. Nawa fa? Ku ji nawa.

Merton ya sayar da dawakanmu a kakar bara ya sayi mota. Ya ɓalle turakun rumfar dawaki ya shigar da ita, har bargon doki yake lulluɓa mata. Ranar da naƙuda ta kama ni, cikin watan Fabrairu, da safe, rana tana ƙyalli a kan ƙanƙara har ido ba ya buɗuwa, sai ya ce ba zai jira likita ya hayo ba, shi zai kai ni. Ya naɗe ni a bargo ya sa a baya. Muka gangaro. Ina ganin karkataccen itace ya wuce, hon bai yi kuka ba. Ban iya magana ba, ciwo ya riƙe ni. Kawu kuwa bai daɗe da gama shimfiɗa sabuwar ƙanƙara ba saboda masu dakon itace.

Muna shiga duhun nan motar ta juya gefe. Shi kuma mijina, wanda tun yana ɗan yaro linzami ne a hannunsa, maimakon ya taka birki sai ya rungumi sitiyari ya ja shi zuwa ƙirjinsa yana ihu, “Woo! Woo! Tsaya, don ubanki!” kamar yadda ake tsayar da goɗiya. Ba ta tsaya ba. Ta kutsa tsakanin ginshiƙai biyu, ta fasa bango, sai ga haske. Na leƙa na ga tayoyin gaba suna lilo a sarari, can ƙasa kuma kogi, baƙin ruwa yana gudu a tsakiyar ƙanƙara. Motar tana ƙara, tana sunkuyawa kaɗan kaɗan.

Sai na ji murya a baya, ba ihu, ba gaggawa. “Kar wanda ya motsa. Merton, saki abin nan, ba ta jin ka. Luella, ’yata, kina ji na? Dubi rufi, kar ki dubi ƙasa.”

Allah ya sa shanun suna cikin karkiya, da su yake jan ƙanƙara. Na ji ƙarar sarƙa a ƙarƙashina. Na ji yana cewa, “Barney, a hankali. Duke, kai ne babba, kar ka ba ni kunya. Yauwa. Yauwa, ’yan albarka.” Doki da ya ji katako yana fashewa da ya zabura ya gama da mu. Su kuwa suka sunkuyar da kai, suka ja kamar masu tsoron tada barci, har tayoyin suka dawo kan katako.

Ban kai wurin likita ba. A kicin ɗin Kawu na haihu, a kan shimfiɗar da ya yi mini kusa da murhu, Merton yana waje yana amai. Na ce, “Kawu, ka taɓa yi?” Ya ce, “Na karɓi ’yan maruƙa da yawa, ba wanda ya dawo da ƙorafi.” Ina kuka ina dariya. Rigarsa ta ulu ya ɗumama a tanda ya naɗe yaron. Likita da ya iso sai ya tarar ba abin yi, ya sha shayi ya tafi. To ku faɗa mini, wane suna zan sa wa yaro in ba Hosea ba? Ƙarami muke kiransa.

Kai ne, Kawu, hannun da ɗana ya fara sani a duniya. Kafin nawa. Wannan kam har yanzu yana ɗan cizona, na faɗa.

Ina kwance ban tashi ba aka yi taron gari na watan Maris. Nan Uwargida Arvilla ta miƙe. Ita ce mai babban kanti da famfon sayar da mai, tun rasuwar mijinta. Ta ce zamani ya wuce zuba ƙanƙara a gada, ga matar Tuttle nan saura ƙiris ta mutu da ɗa a ciki. Da sunana aka yi, jama’a, ba a tambaye ni ba! Ta ce a sayo motar kwashe ƙanƙara, a riƙa share hanya har ƙasa, gada ta zauna a bushe, mai amalanke ya koma taya. In an yi haka ba a bukatar mai gada, gidansa sai a ajiye motar a ciki. Wani daga cikin dattawa ya juya ya tambayi Kawu, “Hosea, Merton ya danna hon ran nan ko bai danna ba?”

An ce Merton yana zaune a baya, hularsa a hannu, kansa a ƙasa. Kawu bai ko dube shi ba. Ya ce, “Kunnena ya tsufa. Ba zan rantse ba.”

Kunnen da yake jin katako ɗaya mai ciwo a cikin gada guda! Aka ɗaga hannu, masu mota suka rinjaya. Aka ce ya zauna a gidan har ƙanƙarar farko ta bana ta sauka, daga nan ya nemi wuri. Matarsa ta daɗe da rasuwa, ba ɗa, ba jika.

To abin da ya fi ƙona mini rai, matar da ta tsaya ta raba shi da gidansa, ita ce ta fara zuwa da murmushi wai ya koma wurinta. Tun daga ranar bakinta bai huta ba. “Hosea ɗinmu.” Naku? Tun yaushe? Ta kawo masa babbar rigar sanyi mai gashi a wuya. Ta kai shi birni aka yi masa tabarau. A coci ta matsa masa wuri a bencinsu na gaba, ya zauna can a takure kamar wanda aka kama, ni ina baya da yaro ina kallon ƙeyarsa. Ni me nake da shi? Tukunyar wake da zumar itacen mapul duk Asabar, da safa da na saƙa masa, ɗaya ta fi ɗaya tsawo.

Rannan na shiga kantinta sayen gishiri. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, “Luella, ’yar nan, na ji wai kina gyara ɗakin saman kicin. Ai da kin bar wahala. Tsoho yana son ɗumi, ba hayaƙi ba.”

Na ce, “Uwargida, hayaƙin namu na wake ne, ya saba da shi.”

Ta ce, “Wake kullum? Cikin tsoho fa ba na saurayi ba ne.”

Na ce, “Bai taɓa dawo mini da saura ba.”

Ta yi dariya ta ce, “Kunya ce, yarinya. Mutumin kirki ne.”

Na fito ban karɓi gishirin ba. Kuma da ta ɗauke shi a mota ta kai shi ganin ɗakin, ya dawo na tambaye shi yaya, sai ya ce, “Gadon da laushi. Ruwan zafi daga bango yake fitowa.” Na koma gida na zauna yanka albasa don kar Merton ya tambaye ni abin da ya sami idona. Duk wanda ya tambayi Kawu ina zai koma, amsa ɗaya ce: “Bari ƙanƙara ta sauka tukuna.”

A gida kuma wani kishin ne. Merton tun ranar gadar nan bai sake zama daidai ba. In ya wuce bakin maƙera sai zaunannun wurin su haɗa baki, “Woo! Woo!” Ya dawo yana huci. Ni kuma ban taimaka ba, bakina kullum Kawu ya ce, Kawu ya yi. Ƙarami dariyarsa ta farko ma gemun Kawu ya kama ya yi ta, ba ni ba, ba ubansa ba. Wata rana ina zuba wake a tukunyar kaiwa sai Merton ya ce, “Ki zuba masa duka mana. Ɗan nasa ne, waken nasa ne, ɗakin sama nasa ne. Ni a gidan nan mai faskare ne kawai.”

Na ce, “Mai faskare da ya iya yi wa mota woo.”

Bai kamata in faɗa ba. Ya ɗauki hularsa ya fita. Daga ranar kullum yana rumfar mota, ƙofa a rufe, sai ƙarar guduma. In na tambaya ya ce gyara yake. Na ce a raina, ya je ya auri motar.

Ranar Juma’a da ta wuce na hango mahaucin hayin kogi a bayan gidan gada, yana tattaɓa cinyar Duke, yana buɗe bakin Barney. Kawu yana tsaye gefe, hannu a aljihu, yana kallon kogi. Na ɗauka ciniki ne irin na maza, ban kawo komai ba. Hankalina yana kan labulen da nake ɗinka wa ɗakin sama. Da na faɗa wa Merton a wajen cin abinci, sai ya ajiye cokali, ya dube ni, ya ce, “Kuma ba ki gane ba?” Na ce me? Sai ya tashi ya koma wajen gudumarsa.

Jiya Asabar muka wayi gari da ƙanƙara fari fat ko’ina. Na ɗauki Ƙarami da tukunya na gangara a ƙasa, Merton ban gan shi ba. Na tarar mutane sun taru, don kowa ya san ranar ce. Motar Stoddard tana tsaye, Leland a sitiyari, Uwargida ta fito da bargo a hannu. Kawu ya fito sanye da rigar da ta ba shi, da akwatinsa ɗaya na katako. Na ce shi ke nan, hayi za shi. Ya ajiye akwatin a kan dakali. Bai dube ni ba, bai dube ta ba, bayan gida yake kallo, inda shanun suka leƙo da kai ta saman shinge, ƙanƙara a kan ƙahonsu.

Ya ce, “Uwargida, su fa?”

Ta ce, “Haba Hosea, ai mun gama wannan maganar. Ina zan kai shanu? Wurin mota ne da ni. Sun tsufa, sun yi aikinsu. Mahauci zai zo Litinin, ba sai ka gani ba.”

Ya ce, “Haka ne.” Ya sunkuya zai ɗauki akwati.

Sai a lokacin na gane. Wata da watanni ina auna gadona da nata, wakena da namanta, ashe mutumin ba ɗaki yake nema ba. Kuma nawa gidan ma ai mota ce a rumfa.

Sai hon. Daga can kan tudu, daidai karkataccen itace. Ba sau ɗaya ba, an danna an riƙe, har hankaki suka tashi. Kawu bai san lokacin da ya saki akwati ya rarumi bokitin toka ba. Motarmu ce take gangarowa a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Ta iso kwana ta tsaya cak. Merton ya fito, kunnuwansa jajaye. Wani ɗan maƙera ya fara, “Woo...” matarsa ta zungure shi.

Merton ya ce, “Kawu, ka ji hon?”

Ya ce, “Na ji.”

“To ran nan ban danna ba. Ka sani, na sani. Yanzu kowa ya sani.” Ya juya ya dubi mutane ɗaya ɗaya. Sannan ya ce, “Na mayar da turaku a rumfa. Na zuba ciyawa. Wannan,” ya buga motar da tafin hannu, “ta kwana a gindin tuffa, ba abin da zai same ta.”

Kawu ya daɗe yana kallonsa, bokiti a hannu. Ya ce, “Ƙofar fa? Duke ba ya son ƙunci, ƙahonsa yana bugawa.”

“Na faɗaɗa ta. Na auna ƙofar rumfarka ranar da ka je ganin tabarau.”

Kawu ya ajiye bokitin. Ya ciro tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirowa. Sannan ya juya wajen Uwargida Arvilla ya cire hula, ya ce, “Allah ya saka da alheri, Uwargida. Gadon nan ban taɓa ganin irinsa ba. Amma shanun nan su suka ja ɗan Luella daga bakin kogi, ni sarƙa kawai na ɗaura. Ba zan kwana a kan laushi ranar Litinin ba.”

Zan faɗi gaskiya, ko da ba na so. Ba ta yi faɗa ba. Ta dubi Leland, ta dubi shanun, idonta ya kawo ruwa. Ta miƙa wa Kawu bargon ta ce, “Riƙe, ɗakin nasu akwai iska.” Sannan ta juyo gare ni ta ce, “Ranar Lahadi a wurina zai riƙa cin abinci.”

Na ce, “Za mu gani, Uwargida.”

Haka muka hau tudu. Kawu a gaba da sandarsa, Barney da Duke suna jan amalanke da akwati da gado da bokitin toka, ni a kai da Ƙarami da tukunyar wake da ba wanda ya tuna da ita, Merton a baya a mota, yana bin sawun shanu, bai isa ya wuce ba. Da muka iso Kawu bai ko leƙa ɗakin da na yi wata biyu ina gyarawa ba. Rumfa ya wuce. Shi da Merton suka daɗe a ciki suna gardamar inda za a rataye karkiya. Labulena har yanzu bai ce komai a kansa ba.

To kun ji. Ba don ni ya zo ba, ba don wakena ba, ba don takwaransa ba ma. Shanu biyu ne suka kayar da ni da Uwargida Arvilla gaba ɗaya, kuma mijina da nake wa gori shi ya gane, ni ban gane ba. Ina jin haushi, ba zan ɓoye ba. Amma yanzu da nake rubutun nan ina jin takunsa a saman kaina, a gidana, ba a hayi ba. Tagarsa tana kallon gada. Da safen nan ya sauko ya kwashe tokar murhuna ya gangara da ita, don kwanar bakin gada ta daskare, motar garin kuma ba ta san kwana ba. Ba wanda ya aike shi, ba wanda zai biya shi.

Mun gode, Kawu Hosea. Na gode da raina, da na ɗana, da mijina da ka rufa wa asiri a gaban gari har ya iya tona kansa da bakinsa. Allah ya ƙara maka lafiya, ya bar maka Barney da Duke. Ku kuma masu mota, na nan da na hayi, ku danna hon a karkataccen itace, ko kun ga ba kowa. Matan Wescott, kar ku zubar da toka, ku tara, ku aiko gidan Tuttle, nan yake yanzu. In kun ga tsoho yana wani aiki da ba ku san amfaninsa ba, ku tambaye shi tun yana da gida.

Wanda ya karanta ya miƙa wa maƙwabcinsa. Don Allah a tabbata ta haye kogi, a ajiye ta a kan teburin kantin nan, kusa da gishiri.